Ma'aunin Ayana: Tsokaci a Kan Yadda Muke Ba da Labarin Gaza

Duk ɗan da aka haifa a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu tun kafin ya san baƙi da wasali. An faɗa mana cewa wani maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo da dare ya sare masa kai, Daurama ta aure shi. Mun haddace sunan jarumin, da na sarauniyar, har da na macijin. Amma cikin dukan talakawan da suka yi ta kwana da ƙishirwa, mutum ɗaya tak labarin ya riƙe wa suna, ita ce Ayana, tsohuwar da ta sauki Bayajidda, ya nemi ruwa ta gaya masa dalilin da ya sa babu. Ba domin ita ba, da labarin ya zama na takobi da sarauta kawai, da ba mu san cewa hana ruwan nan yana da ciwo ba.

Da wannan tsohuwa nake so in auna yadda muke ba da labarin tashin hankalin da ke tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa. Zan duba wurare uku da labarin yake iso mu: rediyo, da wayar hannu, da majalisar hira. Tambayata a kowane wuri ɗaya ce: shin labarin ya bar wa talaka sunansa da fuskarsa, ko kuwa ya haɗiye shi?

Al'amarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Girgam, kundin tarihin masarautarmu, ya jingina asalin mutanen Daura ga Najib Bakan'ane, wanda ya taso da iyalinsa daga ƙasar Falasɗinu ya yo yamma. Masana tarihi suna da ja a kan wannan ruwaya, amma ta isa shaida cewa sunan ƙasar ya daɗe a bakin kakanninmu. Mun kuma san ɗacin barin gida, domin bayan da aka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura a zamanin jihadi, zuriyarsa ta yi kimanin shekara ɗari a Zango da Baure kafin Malam Musa ya dawo birni a 1906. A zamaninmu ma, Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a 1973, ba ta maido da ita ba sai 1992. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, ta hana Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife fita daga ƙasashensu har wata shida saboda sun ziyarci Isra'ila.

Wanda zai yi sharhi dole ya fara da abin da ya tabbata. A 1948, lokacin da aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa sama da 700,000 suka rasa gidajensu, kuma jikokinsu ne mafi yawan mazauna Gaza a yau. A 1967 Isra'ila ta mamaye Gaza da Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus. Daga 2007, da Hamas ta karɓe iko da Gaza, aka ƙulle zirin, wanda faɗinsa murabba'in kilomita 365 ne, da mutum fiye da miliyan 2 a ciki. Ranar 7 ga Oktoba, 2023 mayaƙan Hamas suka kutsa kudancin Isra'ila, suka kashe kimanin mutum 1,200, akasarinsu ba sojoji ba, suka yi garkuwa da kimanin 250. Bayan kwana biyu ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya shelanta hana Gaza lantarki da abinci da mai, aka kuma datse ruwa. Kafin tsagaita wutar 10 ga Oktoba, 2025, ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ƙirga mamata fiye da 67,000. Ɓarnar ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ce a yawa, ƙarfinsu ma ba ɗaya ba ne, kuma duk sharhin da ya ɓoye wannan ya yi ha'inci.

Na fara da rediyo, domin ita ce malamar gidajenmu. Ina yaba wa masu fassara labarai, aikinsu ba ƙarami ba ne, amma akwai kalmomi uku da suka daɗe suna damuna. Ta farko ita ce "rikici". A Hausa rikici abu ne na kishiyoyi, ko na 'yan kasuwa a kan rumfa, wanda dattijo zai shiga tsakani ya ce kowa ya yi haƙuri. Idan aka kira ruwan bama-bamai a kan unguwa da wannan suna, ko aka kira yi wa iyali kisan gilla a ɗakinsu da shi, an rage wa abin nauyi tun kafin mai sauraro ya ɗauka. Ta biyu ita ce 'yar ƙaramar kalmar nan "an". An kashe, an rushe, an raba da muhallansu. Harshenmu yana amfani da "an" domin kunya da sakaya suna, shi ya sa matar aure take cewa an dawo alhali mijinta take nufi. Kunya ado ce a cikin gida, amma a labarin kisa mafaka ce ga wanda ya yi kisan. Ta uku ita ce "farar hula". Mace ba ta sa hula, jariri ma haka, saboda haka kalmar tana zana mana namiji baligi. Alhali a Nuwamban 2024 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na mamatan da ya tantance a watanni shida na yaƙin mata ne da ƙananan yara.

A gwada wannan da sanarwar rasuwa da gidajen rediyonmu suke karantawa. Ana faɗin sunan mamaci, da unguwarsu, da shekarunsa, da 'ya'yan da ya bari, da lokacin jana'iza. Mutum ɗaya yakan ci minti guda. A labaran duniya kuwa mutum ɗari sukan wuce cikin numfashi ɗaya. Mutanen Gaza sun gane wannan illa. A watan Satumban 2024 ma'aikatar lafiyarsu ta fitar da kundi mai shafi 649 ɗauke da sunaye sama da 34,000, kowa da shekarunsa, kuma shafuka 14 na farko duk jarirai ne da ba su cika shekara ba. A ganina wannan kundi ya fi duk wani sharhi da aka yi a kan yaƙin nauyi, domin ya yi abin da kakanninmu suka yi wa Ayana.

Sai wayar hannu, inda laifin ya zo kaina. A makonnin farko na yaƙin wani ya turo mini bidiyon wani uba rungume da gawar ɗansa, ƙura ta rufe su. Ban yi wata-wata ba na watsa shi a duk zaurukan WhatsApp da nake ciki, ina jin na sauke wani nauyi. Da dare na nuna wa mahaifiyata. Ta daɗe tana kallo, ta yi salati, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ɗan gidan wa ne?" Na ce, "Inna, ai a Gaza ne." Ta ce, "Na ji garin. Shi yaron ba shi da suna? Wa za a yi wa ta'aziyya?" Na rasa amsa. Bayan kwana biyu wani abokin aikina ya nuna mini cewa bidiyon tsoho ne, daga yaƙin Siriya aka ɗauko shi. Kunya ta kama ni sau biyu. Na taimaka wa masu cewa duk abin da ake nunawa ƙarya ne, na kuma ɗauki gawar ɗan wani na yi tuta da ita ba tare da na san ko wane ne ba.

An ce gani ya kori ji, amma gani irin na waya yana iya kashe ji. Mu da muke suturta gawa, muke hana yara leƙa makara, yau muna kallon gawarwakin 'ya'yan wasu tsakanin wasan barkwanci da tallar atamfa. Ban ce a rufe ido ba, domin hotunan nan shaida ne, kuma 'yan jarida da yawa sun rasa rayukansu wajen ɗaukar su. Abin da nake cewa shi ne shaida tana da ladabi. Duniya ta riƙe labarin Hind Rajab, ƙaramar yarinyar da aka kashe a cikin mota a birnin Gaza ranar 29 ga Janairu, 2024, tare da ma'aikatan agaji biyu da suka tafi ceto ta, saboda an san sunanta, an ji muryarta tana roƙon a zo a ɗauke ta. Dubban bidiyoyi marasa suna sun wuce, ita ba ta wuce ba.

Wuri na uku shi ne majalisa, a gindin bishiya ko a teburin mai shayi. Nan ne tausayi ya fi yawa, nan ne kuma harshe ya fi zamewa. Sau da yawa nakan ji an ce "Yahudawa" alhali gwamnatin Isra'ila da sojojinta ake nufi, kuma na ji masu murna da abin da ya faru ranar 7 ga Oktoba ba tare da sun tambayi su wa aka kashe ba. Cikin mamatan ranar akwai Vivian Silver, dattijuwa mai shekara 74, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar marasa lafiya daga iyakar Gaza zuwa asibitocin Isra'ila. Akwai Larabawa Musulmi makiyaya, da leburorin gona 'yan Tailan, da ɗalibai biyu 'yan Tanzaniya da suka je koyon noma. A ɗaya gefen, ƙungiyar B'Tselem ta Isra'ila da kanta ta kira abin da ƙasarta take yi a Gaza kisan ƙare dangi a watan Yulin 2025. Kuma cikin Falasɗinawan da aka kashe akwai Kiristoci, kamar waɗanda suka fake a harabar cocin Porphyrius ranar 19 ga Oktoba, 2023. Labarin da ya raba duniya gida biyu ba shi da wurin ajiye waɗannan mutane.

Na san abin da za a ce mini: wanda aka danne shekara 75 ba a yi masa wa'azin ladabi. Ina jin nauyin wannan magana, kuma ban daidaita mai mamaya da wanda aka mamaye ba. Amma tun muna makarantar allo aka koya mana cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa kashe mata da yara da tsofaffi, kuma bai sa sharaɗin addininsu ba. Idan na halatta jinin jaririn wani saboda laifin gwamnatinsa, na karɓi hujjar da ake kashe jariran Gaza da ita. Gallant ya kira abokan gabarsa dabbobi kafin a datse ruwa, kuma duk kisan jama'a da irin wannan kalma yake farawa. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, a Nuwamban 2024, ta ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu da Gallant, ta kuma ba da na Mohammed Deif na Hamas. Macijin Kusugu ba ƙabila ba ne. Duk mai ikon da ya tsaya tsakanin talaka da ruwa, ko tsakaninsa da kwanan lafiya, shi ne Sarki na wannan rijiya.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ranar 11 ga Disamba, 2020, shugaban ƙasa yana nan Daura, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ranar 3 ga Disamba, 2023, ana tsakiyar yaƙin Gaza, jirgin sojan Nijeriya marar matuƙi ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, hukuma ta ƙirga aƙalla mutum 85. A watan Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar Asuba wuta a Unguwar Mantau ta Malumfashi. Mu nawa ne za mu iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikinsu? A nan ma kalmomin su ne dai: "an kai hari", "an yi kuskure", "rikicin 'yan bindiga". Wanda ya saba karɓar adadi a madadin suna daga nesa, zai karɓe shi a ƙofar gidansa. Ba ina nufin mu bar kukan Gaza sai mun gama namu ba. Idon da ya koyi ganin yaron Rafah shi ne zai ga yaron Batsari.

Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma yana hannunmu. Mai fassara labari ya faɗi wanda ya yi kisan idan an san shi, ya ce mata da yara idan su ne. Mai waya ya tambayi wane ne, a ina, yaushe, kafin ya tura. Mai magana a majalisa ko a kan mumbari ya kira gwamnati da sunanta, ya bar al'umma. Malaman makaranta irina kuma mu koya wa yara tarihin 1948 da 1967 da shekarunsa, domin fushin da ba shi da ilimi kowa yana iya ara ya yi aikinsa da shi.

Har yau baƙi suna zuwa Kusugu, a ja musu guga su sha, a nuna musu inda aka sare kan macijin. Ni kuwa tun daga daren da Inna ta yi mini tambayar nan, idan na bi ta wurin, tsohuwar da ta kwana babu ruwa a randa nake tunawa. Kuma duk labarin mutuwa da ya iso wayata, daga Khan Yunis ne ko daga Faskari, ba na tura shi sai na nemi amsar tambayarta: ɗan gidan wa ne?