Gayya Ba Fura: Sharhi a kan Kuɗi da Sa Hannun Jama'a a Shirin Common Voice na Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi sharhi a kan wani shiri na tara muryoyin jama'a mai suna Common Voice, musamman ɓangarensa na Hausa, ta kuma duba dalilin da ya sa Hausa ta kasance a baya a cikinsa duk da ɗimbin masu jin ta. Abin da muke son mu nuna shi ne, shirin ya kira gayya amma bai dama fura ba, kuma duk harshen da ya yi gaba a cikinsa, in an bincika, sai a tarar akwai wanda ya ɗauki nauyin furar.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata mu fayyace abin da ake nufi da buɗaɗɗiyar manhaja. Ita ce manhajar kwamfuta wadda aka bar asalin rubutun umarninta a fili, kowa yana da izinin ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Richard Stallman ne ya kafa tushen wannan ra'ayi a Amurka a 1983 da shirinsa na GNU, sa'an nan a 1998 kamfanin Netscape ya buɗe rubutun manhajarsa ta shiga intanet, daga nan Mozilla ta samo asali. Sau da yawa akan ɗauka cewa tun da kyauta ake samun irin wannan manhaja, to kyauta ake yin ta. Wannan kuskure ne, kuma duniya ta gane haka a 2014, lokacin da aka gano wata ɓaraka a manhajar OpenSSL wadda bankuna da manyan kamfanoni suka dogara da ita wajen tsare sirrinsu, sai ga shi gudummawar da masu kula da ita ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba.

2.0 Yadda Shirin Yake

Mozilla ta ƙaddamar da Common Voice a 2017. Dalili kuwa shi ne, na'ura ba ta iya gane maganar mutum sai an horar da ita da muryoyi masu yawan gaske waɗanda aka haɗa da rubutunsu, kuma irin wannan taska tana hannun manyan kamfanoni, su kuwa harsunan da ke kawo musu riba suka fi kula da su. Sai aka tsara cewa jama'ar kowane harshe su tara gajerun jimloli, wasu su karanta su a wayoyinsu a naɗa, wasu kuma su saurara su tabbatar ko an karanta daidai. Murya ba ta shiga sahun ingantattu sai mutum biyu sun amince da ita. Manhajar dandalin buɗaɗɗiya ce, muryoyin da jimlolin kuma akan sake su a ƙarƙashin izinin CC0, wato mai su ya yafe duk wani haƙƙi nasa, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama.

Hausa ta fara fitowa a cikin taskar a watan Yuli na 2021, tare da wasu harsuna 15. A wannan fitowa Ingilishi ne a kan gaba da sa'o'i 2,630, sai Kinyarwanda, harshen ƙasar Ruwanda, da sa'o'i 2,260, ta sha gaban Jamusanci mai 1,040. Masu Kinyarwanda ba su kai rubu'in masu jin Hausa ba, amma a shekarun farko Hausa ba ta tara ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suka tara ba. To, me ya kawo haka?

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce mutanen Ruwanda suna da al'adar aikin gayya da suke kira umuganda, wadda ake fita a yi ranar Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, har ma kamfanin da ya jagoranci aikin a Kigali ya ɗauki sunan Digital Umuganda. Haka ne, amma ba nan zancen ya tsaya ba. Hukumar raya ƙasashe ta Jamus, GIZ, ta zuba kuɗi a wannan aiki, aka sami mutane waɗanda sana'arsu ke nan, su nemo jimloli, su shirya taruka, su tattaro ɗalibai. Haka kuma a 2021 Gidauniyar Bill da Melinda Gates da GIZ da ma'aikatar harkokin waje da raya ƙasashe ta Birtaniya suka ba da dala miliyan 3.4 domin Kiswahili, aka ɗauki ma'aikata na musamman saboda shi. A Turai ma, gwamnatin yankin Kataloniya ta mara wa harshen Katalan baya da shirinta na AINA, ta yi yekuwa a 2022. Hausa ba ta sami irin wannan uban gida a Common Voice ba, sai 'yan sa kai da ke sayen data da kuɗin aljihunsu.

3.0 Gayya a Wurin Bahaushe

Masu tallata irin waɗannan shirye-shirye a ƙasar Hausa suna son kalmar gayya, kuma sun yi daidai da suka zaɓe ta, sai dai ba su bi ta har ƙarshe ba. Duk wanda ya tashi a karkara ya san gayya tana da sharuɗɗa. Mai gona yakan aika da goro ya sa rana. Matan gidansa su kwana daka, a dama fura ko kunu, a tuƙa tuwo. Akan kira makaɗan noma su zuga samari, a yi wa wanda ya fi kowa kirari a gaban jama'a, sunansa ya zaga ƙauyuka. Daɗin daɗawa, gayya bashi ce: wanda ka yi wa noma bana, shi zai zo gonarka in ka kira, saurayin da ya kai abokansa gonar surukinsa kuwa ya san abin da yake nema. Ke nan ba a biyan lada a gayya, amma akan kashe kuɗi, akan sami suna, kuma an san mai gonar.

In muka auna Common Voice da wannan mudu, za mu ga ya ɗan taɓa ɓangaren suna, tun da akwai allon da ke nuna waɗanda suka fi ƙoƙari, ko da yake kirarin da ba a yi shi a gaban dangi ba bai cika zuga mutum ba. Fura kuwa babu. Babbar matsalar ma ita ce ta mai gona. Izinin CC0 ya ce gonar ta kowa ce, amma girbi sai mai lauje, lauje a nan kuwa shi ne manyan na'urori da ƙwararrun injiniyoyi, waɗanda ba a hannun mai ba da murya suke ba. Ba muna cewa an yaudari kowa ba ne, domin sharaɗin a rubuce yake ƙarara, kuma ɗalibi a Zariya yana da izinin ɗiba daidai da kowane kamfani a Amurka. Izini ne dai ya zo ɗaya, ƙarfi bai zo ɗaya ba.

Shirin NaijaVoices ya bi wata hanya dabam. Da tallafin asusun Lacuna, ya fitar da kimanin sa'o'i 1,800 na Hausa da Ibo da Yarabanci a 2024, daga bakin mutane fiye da 5,000, wato kowane harshe ya sami wajen sa'o'i 600. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa masu jin Hausa ba sa rowar murya in an shirya aikin. Sai dai izininsa ya hana a yi kasuwanci da muryoyin ba tare da an nemi yarda ba, masu tsattsauran ra'ayin buɗewa kuwa ba sa lissafa abin da aka gindaya wa irin wannan sharaɗi a cikin buɗaɗɗu. Mu a ganinmu wannan sharaɗi ya fi kusa da gayya ta ainihi, ko da kuwa ya rage wa taskar farin jini a wurin 'yan kasuwa.

4.0 Muryar Wa Ake Tarawa?

A nan ne rashin kuɗi ya fi yin ɓarna, domin ba yawan muryoyin kaɗai yake ragewa ba, har irinsu yake tacewa. Wanda zai yi aikin sa kai a intanet, sai mai babbar waya, mai rarar data, mai wutar caji, wanda kuma ya iya karatun boko ba gargada, tun da karanta jimla ake yi. Galibi wannan saurayi ne ɗan makaranta a birni. Tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ita ce ta fi kowa bukatar na'urar da za ta ji magana tun da ba ta rubutu, ba ta da ƙofar shiga.

Mu ɗauki Kakau, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna a kan hanyar Abuja. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma da Hausa ake ciniki, da ita ake gaisawa tsakanin ƙabilu, da ita ake wa'azi a majami'u da masallatai da yawa. Haka abin yake a Gonin Gora da Sabon Tasha da Kakuri. Hausar da yawancin mazauna waɗannan wurare ke yi ta bambanta da ta Kano wadda aka gina daidaitacciyar Hausa a kanta. Da yawa ba sa rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, wasu kuma sukan ce "yarinya ya zo". Ƙa'idar Common Voice ta yi maraba da kowane irin lafazi, wannan abin yabo ne. Amma hukunci yana hannun masu saurare biyu, in kuwa dukkansu sun tashi da jin cewa wannan gurɓatacciyar Hausa ce, babu abin da zai hana su danna alamar ƙi. Mu malaman Hausa muna da hannu a wannan tarbiyya, domin jan biro muka saba sa wa irin wannan. A aji yana da muhalli. A taskar murya kuwa sakamakonsa shi ne a ƙera na'urar da za ta ji Bakano ta kasa jin ɗan Kakau. Horar da masu saurare, da zuwa kasuwa da na'urar naɗi, da biyan kuɗin mota, duk ayyuka ne da ba sa yiwuwa da fatar baki.

Jimlolin ma haka. Tun da sai wanda babu haƙƙin kowa a kansa ake karɓa, mafi kyawun zuben Hausa ya fita daga lissafi. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya kuwa tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, ke nan Magana Jari Ce ba zai shiga hannun kowa da kowa ba sai bayan 2051. Dole a zauna a ƙirƙiri sababbin jimloli, a sa wa haruffa ƙugiyarsu, a kuma yanke shawara tsakanin 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar.

5.0 Wa Zai Dama Furar?

Jiran Mozilla ba dabara ba ce. Mafi yawan kuɗin shigarta daga yarjejeniyarta da Google yake fitowa, ta sallami ma'aikata kimanin 250 a 2020, abin da ya durƙusar da manhajarta ta gane magana mai suna DeepSpeech, sa'an nan a Nuwamban 2024 gidauniyar ta rage kashi 30 cikin ɗari na ma'aikatanta. Tarihin adabinmu ma ya riga ya nuna mana irin wannan. Hukumar NORLA ta cika Arewa da littattafai da jaridun larduna a shekarun 1950, amma da aka rufe ta a 1959 sai ɗab'in Hausa ya yi sanyi, har aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966.

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba kwalejojin ilimi kuɗin bincike, kuma kusan kowace kwaleji a Arewa tana da Sashen Hausa cike da ɗalibai daga kowane lungu, masu kare-karen harshe iri-iri, tun daga Sakkwatanci har Hausar kudancin Kaduna. Abin da ya rage shi ne hukumomin kwalejoji su amince cewa tara sa'o'i 100 na tantatacciyar murya bincike ne da ya cancanci tallafi, a kuma lissafa shi wajen ƙarin girma kamar yadda ake lissafa maƙala. Ɗalibin da ya fita koyarwar gwaji a Kakau yana iya dawowa da muryoyin iyayen yara, muddin an ba shi kuɗin data da na goro, an kuma bayyana wa masu muryar da Hausar da suke ji cewa in murya ta shiga CC0 aka kwafe ta, ba a iya kiran ta ta dawo.