Zaɓi da Ƙaddara a Wasan Kwamfuta na The Walking Dead

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna zangon farko na wasan The Walking Dead da ma'aunin da muka saba auna ƙagaggen labari, wato jigo da zubi da taurari. Kamfanin Telltale Games na Amurka ne ya fitar da shi a shekarar 2012, kashi biyar, bisa littattafan zane da Robert Kirkman ya fara wallafawa a 2003. Tun daga farko akan yi wa mai wasa alkawari cewa labarin zai bi abin da ya zaɓa. A kan wannan alkawari za mu tsaya, domin a nan ƙarfin wasan yake, a nan kuma ya yi tuntuɓe.

Tauraron labarin, Lee Everett, malamin tarihi ne a wata jami'a ta jihar Jojiya. Ana kan hanyar kai shi kurkuku saboda kisan kai sai annoba ta ɓarke, matattu suka riƙa tashi suna cin rayayyu. Ya tsinci Clementine, yarinya 'yar shekara 8, ya zame mata uba. Matattun nan ado ne kurum. Jigon shi ne riƙon amana a lokacin da hukuma ta rushe, kowa ta kansa yake yi.

Inda marubutan suka fi nuna gwaninta shi ne yadda suka ɗora wa mai wasa nauyin hukunci. A kashi na biyu an damƙa wa Lee abinci guda huɗu, ga kuwa mutum goma suna jin yunwa, har da yara da tsoho mai ciwon zuciya wanda ba ya ƙaunar Lee. Babu amsar da za ta gamsar da kowa, kuma wanda aka hana zai nuna fushinsa. Mai karatun littafi yana iya zargin tauraro daga nesa, amma a nan hannunsa ne ya raba, shi ya hana. Haka nan a wurin zance, 'yan daƙiƙoƙi ake bayarwa a zaɓi magana, in lokaci ya wuce shirun ma amsa ne. Wannan gaggawa tana fito da halin mutum fiye da dogon tunani.

To amma idan muka sake buga wasan karo na biyu, sai asiri ya tonu. A kashi na farko za a ce a ceci Carley ko Doug; duk wanda aka ceta, a kashi na uku za a harbe shi a gefen hanya. Shawn zai mutu ko an yi ƙoƙarin cetonsa ko ba a yi ba. Bayan an ciji Lee, a yanke hannun ko a bar shi, ajalinsa bai matsa ba. Ashe rassan labarin duk suna komawa gindi ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin kowane reshe na gaskiya yana bukatar sabon zane da sabuwar murya da sabon kuɗi. Sai dai sanin dalili bai wanke alkawarin da aka yi ba.

Duk da haka ba mu yarda da masu cewa zaɓin banza ne ba. A kashi na biyar, a wani otal a birnin Savannah, mutumin da ya sace Clementine ya zaunar da Lee yana lissafa masa abubuwan da ya aikata ɗaya bayan ɗaya, kuma jerin nan daga zaɓin mai wasan aka tsamo shi. Abin da ya faru bai canja ba, amma irin mutumin da abin ya faru da shi ya canja. A ganinmu da haka aka tallata wasan tun farko, da ƙorafi ya ragu.

Raunin da ba mu sami uzurinsa ba shi ne 'yan matsalolin da ake ba mai wasa ya warware. Neman batirin rediyo a shagon magani, ko kai da kawowa wajen tayar da jirgin ƙasa, ba sa gwada basira, sai dai su sanyaya labari yana tsakiyar zafi. Gado ne daga tsofaffin wasanni na wannan nau'i, an riƙe shi ba tare da ya yi aiki ba.

Haka kuma ba mu gamsu da allon da ake nunawa a ƙarshen kowane kashi ba, mai bayyana yawan waɗanda suka yi zaɓi irin na mai wasa. Mutum ya gama yanke shawara tsakanin sa Clementine ta harbe Lee ko ta tafi ta bar shi ya rikiɗe, hawaye bai bushe ba, sai a miƙo masa alƙaluma kamar sakamakon ƙuri'a.