Hirudus Ya Cinye Mana Nowel

Daren 24 ga Disamba na je majami'armu a Sabon Gari kallon wasan haihuwar Yesu da matasa suka shirya. Ɗakin ya cika maƙil, har da ƴan uwa daga Tsibiri da Danja, ga maƙwabtanmu Musulmi tsaye bakin taga cikin sanyin hunturu. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Sai da na kwanta na tambayi kaina: to, me na kwaso?

Yabo tukuna. Makiyayan da suka fito da malfa da sanda irin na Fulanin da muke gani a hanyar Jiratawa sun burge ni. Nan take Baitalami ta zama ƙauyenmu. Jaririn ma cikin kwando aka sa shi bisa karan dawa, babu ƙyale-ƙyale. Madalla.

Amma Hirudus fa? Abokina ne, ya iya wasa, ban musa ba. Rawani ya fi kansa, tumbi na tsumma, yana zage-zagen dogarai. Rabin lokacin shi ya cinye. Jama'a, mutumin nan a Matiyu sura 2 shi ya sa aka kashe yara maza ƴan shekara biyu zuwa ƙasa. Mu kuwa muka mai da shi ɗan kama, muna tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda aka bari a waje. Ku buɗe Luka sura 1 da 2: addu'a ce ke riƙe da labarin. Zakariya yana cikin Haikali mala'ika ya zo masa. Maryamu ta yi waƙar yabo mai tsawo, amma a wasanmu ko uffan ba ta ce ba, an zaunar da ita kamar amarya. Saminu da Hannatu, tsofaffin da suka yi shekaru suna jira, ita Hannatu da azumi da addu'a dare da rana, ba a ko ambace su ba. Don me? Don jira ba ya ba da dariya.

Kuma halinmu ke nan. Tun Nuwamba muna wajen tela, muna lissafin shinkafa da kaji, amma addu'ar safe ta makon Nowel tsofaffin mata kaɗai ke zuwa. Su ne Hannatunmu, mun cire su daga wasa kamar yadda muka bar musu benci.

Maƙwabcin da ke bakin taga ya san Maryamu, akwai sura guda da sunanta a Alƙur'ani. Ya zo ganin yadda muke girmama ta, ya tarar da tumbin Hirudus.

Shawarata ga masu shirya na baɗi: ku rage wa Hirudus fili, ku ba Maryamu bakinta, ku roƙi wata kaka ta fito a Hannatu. In ta durƙusa, a yi shiru minti biyu, mu gani ko za mu iya.