Ilmin Da Aka Kulle A Kabad

Kwanan baya ɗiyar yayata ta kawo mini kundin binciken da ta rubuta a jami'a kan ta'addanci. Wata maƙwabciyarmu a Unguwar Kanawa tana jin haka ta riƙe haɓa, ta ce, "Oh ni 'yasu! Wai yanzu har ta'addanci ake koya wa 'ya'ya mata?"

Ba laifinta ba ne. Laifin masana ne, kuma da su nake a yau.

Na sa yarinyar ta fassara mini. Ashe ilmi ne mai amfani. An nuna cewa ɗan ta'adda ba wanda ya kashe kaɗai yake nufi ba, mu da muka rage yake son ya tsorata, shi ya sa yake zaɓen kasuwa da tasha da makaranta. Ai mun gani. Bom ɗin Kawo na 23 ga Yuli 2014, da aka nufi ayarin Janar Buhari, ya jawo dokar hana fita a garin nan. Harin jirgin ƙasan Abuja na 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin har Disamba.

To amma wa ya taɓa zama ya yi mana wannan bayani da Hausa? Tun 1987 marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi kan yadda manya ke fakewa da addini don biyan bukatar kansu. Littafi ne mai kyau, amma da Turanci yake. Mu nawa muka karanta?

Alhali kuwa uwa ce ke fara ganin alama. Ita ke lura yaro ya canza abokai, ya daina cin tuwon gida, yana kafirta mahaifinsa, ga kuɗin da ba a san tushensu ba. Tana gani, amma ba ta san sunan cutar ba, balle maganinta.

Don Allah malamai, ku fito da ilmin nan daga kabad. Ku kawo shi rediyo da makarantun Islamiyya. Mu kuma mata, kada mu hana 'ya'yanmu wannan karatu, mu dai riƙa zaunar da su muna tambaya.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.