Jaka a baya, jika a aljihu

Duk wanda ke zuwa zamanmu na ranar Asabar ya ga takardun nan, ko da bai karanta ba. Labarin tafiya ne na wata budurwa Bafaranshiya da ta gama karatun jinya, ta goya jaka guda a baya, ta yi wata biyar tsakanin Tailan, Lawos da Kambodiya. Wata ƴar'uwarmu ce ta samo shi wajen ƙawarta, aka yi ta fotokopi har haruffan shafin ƙarshe suka dushe. Ba zan faɗi sunan marubuciyar ba, don ba littafi ta fitar ba, danginta da abokanta ta rubuta ma. Abin da ya sa na ɗauki bik shi ne gardamar da muka yi a kansa. Awa uku muka kwashe, shayi na uku ya huce ba a sha ba, kuma na taso ina jin mun yi magana a kan komi ban da rubutun.

Kaɗan daga asalin abin tukuna, don wasu sun ɗauka yarinyar ce ta ƙago shi. A shekarun 1960 da 1970 samarin Turai suna bin ƙasa daga Landan ko Paris, ta Istambul, Teheran da Kabul, har Katmandu, da kuɗi kaɗan a cikin tsofaffin motoci. Juyin juya halin Iran da shigar sojan Sobiyet Afganistan a 1979 suka toshe hanyar, sai kwararar ta ƙara karkata kudu maso gabashin Asiya. A 1973 aka fitar da littattafan jagora biyu da har yau suke cikin jakunkunansu: Guide du routard na Philippe Gloaguen a Faransa, da ɗan littafin Tony da Maureen Wheeler wanda ya haifi Lonely Planet. Titin Khao San na Bankok, inda ta kwana daren farko, ma'anar sunansa gyararriyar shinkafa, don kasuwar shinkafa ce a da. Yau ɗakunan kwana masu arha ne jere da juna, an gina su domin irinta. Ke nan hanyar da muke cewa ta yi kasada a kanta, shekara hamsin ana share ta.

Masu cewa "kai, Allah ya ba mu irin wannan rayuwa" ba zan daɗe a kansu ba. Hotuna suka kalla, sun ga ruwa shuɗi, shi ke nan.

Wanda ya riƙe zaman shi ne ɗan'uwanmu na sashen shari'a. Ya buga takardun a kan tabarma ya ce: "Wannan ba jarumta ba ce, malamai, fasfo ne." Kuma gaskiya ya faɗa. Ita ta sauka Bankok ba biza, aka buga mata hatimi ta wuce. Kai ɗan Nijar, in kana son leƙa ƙasarta, kuɗin neman bizar Shengen kaɗai yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, wajen jika 59, a ba ka ko a hana ka kuɗin sun tafi, balle ofishin jakadancin Faransa na Yamai ya rufe ƙofa a farkon shekarar nan ɗin. Ya kawo zancen kalmomi, har ya shigo mini gona: Bature in ya zauna Yamai sunansa expatrié, ɗan Tawa in ya zauna Marsei sunansa immigré, mai jaka a baya in ya nufi kudu touriste ne, in ya nufi arewa ya zama migrant. Aka tafa masa, ni ma na tafa. Sai da na tambaye shi ina ya tsaya a karatun, ya ce shafi na huɗu. Nan ne na fara rabuwa da shi. In laifin duka na fasfo ne, to rubutun ya tsira ke nan, ba wanda ya taɓa shi. Yarinyar ba ita ta raba fasfo a duniya ba. Amma ita ta zaɓi kowace kalma da ke cikin shafukan nan, kuma a nan ne ake iya kama marubuci.

Akwai kuma waɗanda suka raina abin daga tushe. Wani ya ce yawon banza ne, mace ita kaɗai, ba aiki, ba karatu, ba ziyarar dangi. Na so wannan maganar fiye da yadda mai ita ya zata, domin ta tono wani abu game da harshenmu. Ku lissafa kalmomin tafiya da muke da su: fatauci, ci-rani, bida, ziyara, hijira, almajiranci, aikin hajji. Kowace tana ɗauke da dalilinta a ciki. Da ka faɗe ta, an san abin da ya fitar da kai, an san abin da ake jiran ka dawo da shi. Tafiyar da ba ta da dalili kuwa sunanta yawo, kuma yawo ba yabo ba ne. "Ya shiga duniya" kuka ne na uwa. "Ta shiga yawon duniya" kuwa kowa ya san abin da ake sakayawa, wata ƴar'uwa ma ta tsaya a kan wannan, ta ce kalmar wuƙa ce mai kaifi biyu amma gefen mata ya fi kaifi. Shi ya sa da ake neman sunan abin da Turawa ke yi, sai da aka liƙa ma yawo "buɗe ido" don a wanke shi. Da muka gwada fassara routard sai muka cije. Ɗan yawo zagi ne. Ɗan hanya wani abu ne daban. Mai goyon jaka ya ba kowa dariya. To wanda ya ce yawon banza, ba hukunci ya yanke ma rubutun ba, ƙamus ɗin da aka haife shi a ciki ne ya yi magana da bakinsa. Ni ma a ciki aka haife ni, ban fi shi ba.

Yanzu ga rubutun. Yana da abin yabo, kuma zan faɗa ko da za a ce na saya. Yarinyar ba ta ɓoye kuɗi. Kowace rana tana rubuta abin da ta kashe, ɗaki, shinkafa, mota, har ranar da ta ƙirga ta ga sai ta rage kwanaki. Marubutan tafiya da yawa suna yi kamar iska ke ɗaukarsu. Ita ta nuna cewa jakar baya ba ta motsi sai da jikar aljihu (kalma ɗaya ce fa asali, jakar da ake zuba kuɗi ita ta ba dubu sunanta). Shafukan zazzaɓin da ya kwantar da ita kwana biyu a Lawos, ita kaɗai, tana jin dariyar wasu ta bango tana jin kunyar kiran uwarta, su ne mafi kyau a cikin duka. Babu ado a ciki, kuma duk wanda ya taɓa rashin lafiya a ɗakin kampus nesa da gida zai gane su.

Matsalar tana wajen sunaye. Na bi rubutun da jan bik ina ja ma kowane sunan mutum layi. Abokan tafiyarta duk suna da suna, da ƙasa, da abin da suka karanta, har da wanda suka yi hira ta dare ɗaya. Mutanen ƙasashen da ta je gani kuwa aikinsu ne sunansu: mai tuk-tuk, matar da ke da ɗakin, yaron jirgi, tsohuwa mai murmushi. Ku duba lamiri kuma. "Mu" a bakinta kullum matafiya ne, ko Bajamushe ne ko ɗan Ostareliya. "Su" kuwa masu ƙasa. A jimlolinta ita ce mai aikatawa, ta gano, ta hau, ta ɗanɗana. Su aikinsu murmushi da miƙo abu. A jirgin ruwan da ke kwana biyu a kogin Mekong daga Huay Xai zuwa Luang Prabang, ta lura cewa baƙi suna gaba, ƴan ƙasa suna baya kusa da inji da buhunansu. Ta gani, ta rubuta a layi ɗaya, ta koma faɗuwar rana ta ba ta rabin shafi. Wannan layin ɗaya shi ne labarin, ta wuce shi kamar an kira ta.

Haka a kasuwar dare ta sayi cokali da aka ƙera da ƙarfen bam, ta ce yana da kyau. Daga 1964 zuwa 1973 Amurka ta zuba ma Lawos bama-bamai sama da tan miliyan biyu, har yau waɗanda ba su fashe ba suna kashe manoma. Ko jimla ɗaya babu a kan haka. A Tuol Sleng, makarantar da Khmer Rouge suka mayar kurkuku a Phnom Penh, shafin duka a kan hawayenta ne. Ban ce ƙarya take ba. Na ce ta shiga gidan makoki ta zauna a tabarmar masu karɓar gaisuwa.

Sai kalmar da ta fi so, authentique. Na bi duk inda ta sa ta, na ga ma'anarta ɗaya: wurin da babu sauran Turawa. Wato wuri na gaskiya ne muddin irinta ba su iso ba, kuma ga ta ta iso, ta rubuta, ta nuna hanya. Ba ta ga wannan tarkon ba ko sau ɗaya. Tailan ta gan shi: bayan fim ɗin The Beach na 2000, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa gaɓar Maya har sai da hukuma ta rufe ta a 2018, ba a sake buɗewa ba sai 2022.

Abin da ya fi ƙona mini rai a zaman shi ne da wani ya ce mu ai ba mu da irin wannan rubutu, na Nasara ne. Ni daga wajen Matamaye nake, don haka ba zan bari ta wuce ba. Dorugu ɗan ƙasar Kance ne. An kama shi bawa yana yaro, Adolf Overweg ya ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, har Tumbutu, ya isa Landan a 1855. Can ya ba da labarinsa da Hausa, J. F. Schön ya rubuta, aka buga a Magana Hausa a 1885. Ta alƙalamin ɗan mishan muke jin muryarsa, wannan dole a riƙe shi a zuci. Duk da haka yaron ya kalli Ingilishi yadda Barth ya kalli mutanenmu, ya ba da labarin cin abincinsu da al'adunsu a matsayin abin mamaki. Abubakar Imam ma ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Gidan da Barth ya sauka a unguwar Birni ta Zinder ana nuna ma baƙi shi. Dorugu kuwa, a zamanmu na Asabar mutum biyu ne suka taɓa jin sunansa.

Daga ƙasar Kancen nan dai mafi yawan mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013 suka fito, akasari mata da yara. Su ma da ƙunshi a ka suka tashi. A jaridu lamba suka zama, kuma mu da muke zargin Bafaranshiya da rashin kiran suna, wa a cikinmu zai iya kawo sunan mutum ɗaya daga cikinsu?

Da na koma ɗaki na ɗauko kayen da na rubuta tafiyata ta Kwatano bara, na bi shi da jan bik ɗin nan. Abokaina biyu suna da suna. Sauran: direba, yaron mota, wata mai ƙosai a Gaya, ɗan duwan. Har "mutanen kirki ne masu fara'a" na rubuta, walla, da hannuna.

Ina da kawu da ya yi Abijan, ya yi Sabha sau uku, ya san farashin kowane shinge da sunan wanda ya ba shi ruwa a Dirku. Na kira shi na ce in an yi hutu zan zo da waya in ɗauki labarinsa don ɗan littafinmu na gaba. Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, wannan ai ba tahiya ba ce, bida ce, wa zai karanta bida?" Na ce mu. Ya ce to in zo da sukari da ganyen shayi, kuma kada in sa sunan mutumin Sabha da har yanzu yake binsa bashi.