Wanda Ya Faɗo Ba Shi Ne A Jikin Fasta Ba

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya a sinima ko a gidan kallo na unguwa ya san musun da ake yi bayan an tashi: shin jarumin ne da kansa ya diro daga saman benen nan, ko kuwa haɗi ne? Wasu su rantse shi ne, wasu su ce mutum-mutumi aka jefo. Amsa ta uku ce ba ta cika zuwa mana a rai ba, alhali sau da yawa ita ce gaskiya. Mutum ne ya diro, mai uwa da uba, an sa masa rigar jarumin, an ce ya kau da fuskarsa daga kyamara. Sana'arsa ke nan, kasada a madadin wani, kuma idan ya iya aikinsa ba za mu taɓa sanin yana nan ba.

Fim ɗin David Holmes: The Boy Who Lived, wanda tashar HBO ta fitar a watan Nuwamba na 2023, labarin gaskiya ne na ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane. David Holmes ɗan Ingila ne, ya taso yana wasan tsalle-tsalle da alkafura tun yana yaro. Yana da shekara 17 aka ɗauke shi ya riƙa shigar wa Daniel Radcliffe, yaron da ya fito a matsayin Harry Potter, duk wurin da ke da haɗari. Idan ka ga Harry ya faɗo daga kan tsintsiyar da yake tashi sama da ita, ko an maka shi da bango, to galibi jikin David ne. Haka suka yi ta tafiya fim bayan fim har watan Janairu na 2009. A ɗakin ɗaukar fim na Leavesden, ana gwajin wani faɗa na Harry Potter and the Deathly Hallows, aka ɗaura masa igiyar da za ta fizge shi baya kamar an yi jifa da shi. Fizgar ta yi ƙarfi, ya bugi bango, wuyansa ya karye, lakarsa ta taɓu. Yana da shekara 25. Tun daga ranar jikinsa daga ƙirji zuwa ƙasa bai sake amsa masa ba.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Daura da wannan? Muna da dalili. A Daura aka ɗauki Mai Martaba, fim ɗin Prince Daniel da aka fi sani da Aboki, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, labarin rikicin gadon sarauta a wata ƙirƙirarriyar ƙasa mai suna Jallaba. Shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar. Bai kai zagaye na gaba ba, amma ya nuna inda finafinan Hausa suka fuskanta: sarauta, dawaki, takubba, mayaƙa, fili mai ƙura. Daura kuwa, da fadarta da mahayanta da tarihinta, wuri ne da masu irin wannan fim za su ci gaba da nema. Mun yi ta magana a kan fim ɗin a lokacin, mun yabi tufafi, mun yi musu a kan 'yan wasa, mun yi alfahari da sunan garinmu. Ba zargin kowa muke yi ba, kanmu muke tuhuma: a duk surutun da muka yi, mu masu sharhi ba mu tsaya mun tambayi su wane ne ke sukuwa a bayan jarumai ba, ko wane tanadi ake yi wa wanda aikinsa shi ne ya faɗo.

Abin da ya fi burge mu a fim ɗin David shi ne bai yi mana alkawarin waraka ba. Mun saba da wani salo a finafinanmu da littattafanmu na soyayya: mota ta kife, likita ya fito yana girgiza kai, a ga jarumi a keken guragu an rufa masa zane a cinya, a yi waƙa ɗaya ta baƙin ciki, daga nan ko dai a fita da shi waje ya dawo da ƙafarsa, ko wata firgita ta sa ya miƙe tsaye. Idan kuwa mugun labarin ne, to shanyewar jikin ita ce sakayyar da Allah ya yi wa waɗanda ya zalunta. Wato a wurin marubutanmu keken guragu ko zango ne da ake yadawa a wuce, ko kuma bulala. Dan Hartley, wanda ya ba da umarnin wannan fim, ya ƙi bin ko ɗaya. David ba mugu ba ne, kuma ba zai tashi ba. Hasali ma fim ɗin ya nuna cewa abin ƙaruwa yake yi, domin matsalar da ta biyo baya a cikin lakar tana ci gaba da rage masa ƙarfin hannu, an yi masa aiki ba sau ɗaya ba, kuma shi da kansa yana maganar abin da ke gabansa ba tare da rufa-rufa ba. Yana barkwanci, yana zolayar abokansa, ya buɗe shirin hira da 'yan sana'arsa mai suna Cunning Stunts a 2020. Amma dariyar ba ta goge ciwon ba, fim ɗin kuma bai nemi ta goge ba.

Wuri na biyu da fim ɗin ya yi ƙarfi shi ne mutanen da ke tsaye a wurin ranar da abin ya faru. Greg Powell, shugaban 'yan kasada na finafinan, wanda ya ɗauki David kamar ɗansa, yana magana ana ganin nauyin abin a fuskarsa bayan shekara goma sha huɗu. Marc Mailley, abokin David, shi aka ba rigar Harry ya ƙarasa aikin. Ka yi tunanin wannan: amininka yana kwance a asibiti, kai kuma an miƙo maka tabaransa da rigarsa an ce ka ci gaba daga inda ya tsaya, domin fim ba ya jira. Mazan da sana'arsu ita ce ɓoye tsoro su ne a nan suke kasa ƙarasa magana. Bahaushe ya san wannan hali sarai, mu ma an koya mana cewa namiji ba ya kuka, kuma mun ga yadda abokan majinyaci kan yi cincirindo a makon farko, sannan ƙafa ta ɗauke, ba don rashin ƙauna ba, sai don ba su san da wane ido za su dube shi ba.

To, amma fim ɗin yana da inda ya yi sanyi. Ya yi ladabi da yawa. Tambayar da duk mai kallo zai yi, wato wa ya yanke shawarar ƙarfin fizgar nan, kuma me ya sa ba a hango ba, an taɓa ta ne sama-sama an wuce. David ya zaɓi kada ya ɗora wa kowa laifi, wannan haƙƙinsa ne kuma halin girma ne. Sai dai yafiyar wanda aka ji wa ciwo ba ta ɗauke wa mai fim nauyin bincike ba. Waɗanda suka yi fim ɗin 'yan gida ne: Radcliffe na cikin masu ɗaukar nauyinsa, Hartley kuma ya yi aiki a finafinan Harry Potter shekara da shekaru. Ɗan gida yakan samu a buɗe masa ƙofar da ba za a buɗe wa baƙo ba, amma akwai tambayar da kunya ba za ta bar shi ya yi ba. Ko sunan fim ɗin ma aro ne, laƙabin Harry Potter ne aka yafa wa David. Mutumin da ya yi kusan shekara goma yana sanye da rigar wani, ranar da aka zo ba da labarinsa ma sai da aka ara masa ita kafin duniya ta saurara.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu kallon Indiya. A 1982 Amitabh Bachchan ya ji mummunan rauni a ciki ana ɗaukar faɗa a fim ɗin Coolie, har aka fid da rai. Da fim ɗin ya fito, an tsayar da hoton daidai wurin, aka rubuta a jikin allo cewa nan ne ya ji ciwo. Reshma Pathan kuwa, matar da ta shigar wa Hema Malini tseren keken doki a Sholay na 1975 har ta ji rauni, sai bayan shekaru masu yawa jama'a suka san sunanta. Ita kanta Oscar ɗin da muka yi ta hanƙoro, sai a watan Afrilu na 2025 ta sanar cewa za ta fara ba da kyautar tsara kasada, daga bikinta na 100 a 2028.

Mu a Daura muna da labarin da ya riga duk waɗannan. Da gari ya waye aka ga macijin rijiyar Kusugu a mace, ba mutum ɗaya ne ya fito ya ce shi ya kashe ba. Sarauniya Daurama ba ta karɓi baki ba, shaida ta nema, sai ga baƙon da ya kwana a gidan tsohuwa Ayana da kan macijin. Tun muna yara ake ba mu wannan labari, kuma abin da ke cikinsa a fili yake: gari ya tsaya sai ya san hannun da ya yi aikin. Wani abin mamaki, faɗan da David yake gwadawa ranar da ya karye ma da maciji ne. A fim dai an juya labarin Kusugu, wanda ya shiga rijiyar daban, wanda aka ba rabin gari daban, kuma kowa ya amince da haka tun kafin a kunna kyamara.

Babban abin da ya tsaya mana a rai bayan kallo shi ne kuɗi, abin da fim ɗin bai zauna a kansa ba. Muna ganin David a gidan da aka tsara daidai da kekensa, da masu kula da shi, da asibitin ƙwararru. Duk da haka rayuwar tana da wuya. To, a ɗauko wannan rauni a ajiye shi a Sandamu ko Zango ko Mai'aduwa. Saurayi ne da ya iya doki tun yana ƙarami, irin waɗanda muke gani a Hawan Magajiya da Sallar Gani, an ɗauke shi aikin kwana uku a fim, an yi ciniki da baki, doki ya yi tuntuɓe. Abu na farko da za mu yi masa, cikin ƙauna, shi ne abin da ya fi cutarwa: a ɗago shi, a girgiza shi, a zaunar da shi, a naɗe shi a bayan mota ko a tsakiyar mutum biyu a kan babur. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya, ƙa'ida ita ce kada a lanƙwasa shi, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi a kan abu mai tauri kamar ƙyauren ƙofa. Ƙashin da ya goce yana iya ƙarasa lakar da faɗuwar ba ta gama da ita ba. Daga nan wataƙila a fara kai shi wurin maɗori, wanda ya iya karayar hannu da ƙafa amma laka ba ta ɗoruwa. Kafin a bi ta Kazaure a isa asibitin ƙashi na Dala a Kano, an yi asarar lokacin da ba ya dawowa.

Bayan an sallamo shi ne ainihin labarin yake farawa, wanda babu fim ɗin Hausa da muka gani ya zauna a kansa. Fitsari sai da roba, kuma robar tana jawo ciwon mafitsara. Bayan gida sai an tsara masa lokaci. Dole a riƙa juya shi bayan 'yan sa'o'i dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da ɗuwawu, shi kuma ba ya jin zafin da zai gargaɗe shi. Wanda raunin ya kama a wuya jikinsa ba ya iya daidaita zafi yadda ya kamata, a yi tunanin wannan a bazarar Daura ba wuta. Duk wannan aiki a kan wa zai faɗa? Uwa, ko mata, ko ƙanwar da za a cire daga makaranta.

Ba a rasa doka ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, inda mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda ɗan garin nan, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Amma wanda aka ɗauka da baki, aka sallama da kuɗin mota, da wace takarda zai je? Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta samu hukumar tace finafinai a Kano tun 2001, kuma mun shafe shekaru muna muhawara a kan rawa da waƙa da suturar mata. Mun kuma ga yadda dattawan da fuskarsu ta yi suna suke ƙarewa da bidiyon neman taimako idan ciwo ya kwantar da su. Idan haka ta kasance ga wanda kowa ya san fuskarsa, wanda aka ɗauka musamman don kada a ga tasa fa?

Marubucin da zai rubuta mana labarin wannan mahayi ba ya buƙatar zuwa Leavesden. Ya shiga gidan kawai, ya ga yashin tsakar gida da tayar keke ke nutsewa a ciki, da masai na tsugunno, da tabarmar ƙofar gida inda abokai ke hira da yamma, taku goma daga ɗakinsa. Tsakaninsa da su akwai zaure, a bakin zauren kuma akwai ɗan tudun nan da muke kira dokin ƙofa, wanda sai mutum biyu sun ɗaga keken kafin ya haye.