Jinjina ga masu ɗaga gadar Tower Bridge

Mutumin Yauri a Matameye ya san gada a matsayin abin da aka dasa shi wuri guda, motoci su bi ta sama, ruwan damina ya wuce ta ƙasa. A birnin Landan kuwa akwai wadda take buɗewa. An ƙaddamar da Tower Bridge a kan kogin Thames a 1894, lokacin da jiragen ruwa ke cika mashigar Pool of London suna sauke kaya. Jama'ar gabashin birnin na neman hanyar tsallakawa, jiragen kuma na neman wucewa, sai aka raba tsakiyar gadar gida biyu, kowane ɓangare ya haura tan 1,000.

Masu aikin ɗaga waɗannan ɓangarori sun cancanci a yaba musu. A da, wasunsu na zuba gawayin kwal a tukunyar tururi dare da rana, don ƙarfin ruwan da ke ɗaga gadar ya kasance a shirye. A 1976 aka koma ga mai da lantarki, amma kulawar na nan. Sai an tsayar da motoci, an rufe ƙofofi, an tabbatar babu ko mutum guda a kai, sannan a ɗaga. Har yau jirgi mai tsayi ba ya biyan ko sisi, sanarwar awa 24 kawai ake buƙata.

Allah ya saka wa masu riƙe amanar rayukan jama'a da alheri.